Kuɗin Ɗauka Daban, Kuɗin Wanki Daban: Yadda Mai Hoto Zai Yanka Farashinsa

"Nawa ne hoto?" Haka ake tambaya, a waya ko a bakin ƙofar sutudiyo, kuma sabon mai hoto yakan yi wuf ya faɗi kuɗi guda ɗaya don kada ciniki ya kuɓuce masa. Daga nan faɗuwa take farawa. Abin da mai saye ke kira hoto, abu biyu ne a littafin mai sana'a. Akwai aikin ɗauka, wato lokacinka da kayan aikinka da gwanintarka. Akwai kuma abin da za a miƙa wa mutum ya tafi da shi, kati ne ko firam ko albam ko fayil a waya. Tela ba ya haɗa kuɗin yadi da kuɗin ɗinki, ko da shi ya je Kantin Kwari ya yanko yadin da kansa. Kai ma ka raba su, ka san abin da kowanne yake ci da abin da yake kawowa.

Al'adar haɗa su daga zamanin fim ta samo asali. A wancan lokaci fim ɗin yana hannun mai hoto, duk mai son kati na biyu dole ya dawo wurinsa, don haka ko ya ɗauka kyauta bai yi asara ba. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, haka ya riƙa yi a shekarun 1960: ya bi wuraren rawar samari da dare yana ɗauka, ya koma ya wanke, ya manna ƙananan hotunan a jikin kwali kowanne da lambarsa, samari da 'yan mata su zo sutudiyonsa su zaɓi wanda za a wanke musu su biya. Masu bin gidajen biki a garuruwanmu, waɗanda za su ɗauke ka kana tsakiyar cin shinkafa, su garzaya wurin wanki, su dawo kafin a watse su baza katuna a bayan mota, har yau a kan wannan tsari suke. A Amurka ma manyan kamfanoni sun daɗe suna cin abinci da shi: kuɗin zama kaɗan, wani lokaci ma a yafe, sai an zo zaɓen hotuna a sayar wa iyali kati da tsada. Da kyamarar dijital da wayar hannu suka shiga hannun kowa, sai tsarin ya soma rushewa. A watan Afrilun 2013 kamfanin CPI, mai gudanar da sutudiyo a cikin kantunan Sears da Walmart, ya rufe sama da guda 2,000 a lokaci guda.

Amaryar yau ba ta jiran kati. So take kafin ta kwance ɗaurin ɗankwali hoton ya iso wayarta ta ɗora ƙawaye su gani. Ranar da ka tura mata cikakken fayil kuwa, ta mallaki abin da a da ake kullewa a akwati, tana iya kai shi duk wurin wankin da ta ga dama. Saboda haka a yau kuɗin ɗauka shi kaɗai ya kamata ya riƙe shagon, ya biya haya, ya ciyar da gidanka. Abin da ya shigo ta hanyar firam da albam ya zama ƙari.

Lissafin wata

Kada ka fara da leƙa farashin maƙwabcinka. Mai yiwuwa shagon na mahaifinsa ne, ba ya biyan haya, ko kuwa shi ma faɗuwa yake bai sani ba. Ɗauki biro da takarda. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don a ga yadda lissafin yake tafiya, kai ka sa naka na gaskiya.

A ce hayar shago naira 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata. Wuta da man janareta 60,000. Data da kuɗin manhajar gyaran hoto, irin su Lightroom da Photoshop da ake biya wata-wata, 25,000. Yaron shago mai riƙe fitila da zuwa aike 40,000. Saura abin da kusan kowa ke mantawa, wato tsufan kayan aiki. Kyamara tana da wa'adi. Labulen nan na ciki da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna, wanda ake kira shota, kamfanin Canon ya ƙiyasta wa na 5D Mark IV dannawa 150,000. In kana danna 2,000 a biki ɗaya, biki 75 ke nan. Tana iya wuce haka, tana iya gazawa, amma ranar biyan tana nan tafe. To a ce kyamara da gilasanta da fitilu da kwamfuta sun tashi 2,700,000, kana sa ran sabunta su bayan shekara 3: raba da wata 36, ka sami 75,000 da ya kamata ka riƙa warewa duk wata. Jimla 250,000 ke nan, kai ba ka ci ko sisi ba tukuna. Yanzu yanka wa kanka albashi kamar yadda za ka yanka wa wani, a ce 200,000. Shagon yana bukatar 450,000 duk wata.

Sai ka raba wannan da yawan zaman ɗauka da kake samu. A nan mutane ke yaudarar kansu, su ɗauki makon Sallah ko watan Disamba su yi awo da shi, su manta da azumi da tsakiyar damina lokacin da sai ka wuni kana kallon titi. Tattara na shekara ka raba da 12. In ya ba ka zama 15 a wata, to 450,000 a raba 15 ya zama 30,000. Wannan ne ƙasan farashinka. Duk cikakken zaman da ka yi ƙasa da haka, daga aljihunka ka cika.

Za a ce maka, "Haba Malam, 30,000 a kan aikin awa ɗaya?" Awa ɗaya ce mai saye ya gani. Hirar waya da share wuri da saita fitilu sun ci awa guda kafin ya iso. Bayan ya tafi za ka kwashe hotuna a kwamfuta ka tace, rabin awa. Gyaran hoto goma, in kowanne ya ci minti 20, ya haura awa uku, balle in an sami hodar da ta fi wuya haske ko ƙurajen da aka ce a goge amma kada fuskar ta canja. Aikin ya kusa awa shida. Ke nan awarka ɗaya naira 5,000 ce. Riƙe wannan adadi da kyau, domin da shi za ka yanka kuɗin duk wani ƙari da aka nema: ƙarin hoto, ƙarin lokaci, fita waje.

Abin da kuɗin ɗauka ya ƙunsa

Rubuta shi ƙarara, ka tura wa mutum kafin ya biya: tsawon lokaci, kaya kala nawa za a sauya, mutum nawa za su shiga, hoto nawa za a gyara, a ina za a ɗauka, yaushe za a karɓa. Kowanne daga cikin waɗannan ƙofa ce da rigima ke shigowa ta cikinta. An yi ciniki a kan ango da amarya, ranar ɗauka sai ga ƙawaye shida da ƙanwar ango, kowacce na son nata ita kaɗai "tunda dai an riga an kunna fitila". In takardarka ta ce mutum biyu, ƙarin kowane mutum kaza, ba sai ka ɓata fuska ba, nuna musu kawai za ka yi.

Makara ma haka. Mai kwalliya ta riƙe amarya, zaman ƙarfe biyu ya koma bayan la'asar, na bayansu sun iso suna jira a mota. Sa a rubuce cewa agogo yana fara lissafi daga lokacin da aka yi alkawari, tare da sassaucin minti 15 ko 20. In kuma za a fita waje, kuɗin mota da na shiga wurin da ake biya a ƙofa a kan mai saye suke, haka lokacin da hanya ta ci.

Kafin alƙalami wajibi ne. Rabin kuɗi shi ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ke kama rana. In ba a biya ba, ranar tana nan a buɗe ga wanda ya riga. Ka faɗa tun farko cewa in an fasa ba a mayar da shi, amma ana iya ɗaga rana sau ɗaya in an sanar da wuri. Rasuwa da rashin lafiya daban ne, nan mutunci ya fi takarda. Ciko kuwa a biya shi kafin hoto ya bar hannunka. "Turo min in gani, zan tura maka anjima" ta cinye jarin masu hoto da yawa. In dole sai an gani kafin a zaɓa, tura ƙanana masu ɗauke da tambarinka a tsakiya, ko ka kira su shago su zaɓa a kan allon kwamfuta. Na biyun ya fi, domin wanda ya ga hoton mahaifiyarsa a babban allo shi ke tambayar kuɗin firam ba tare da an yi masa talla ba.

Kuɗin wanki

Ƙungiyar ƙwararrun masu hoto ta Amurka, PPA, ta daɗe tana ba mambobinta shawarar kada abin da aka kashe wajen samar da kaya ya wuce kashi 25 cikin 100 na farashin sayarwa. A taƙaice, abin da ka kashe ka ninka shi huɗu. Amma "abin da ka kashe" ya wuce rasiɗin wurin wanki. A ce kati mai inci 8 da 10 sun wanke maka a 1,000. Ambulan da leda 300. Rabonsa na kuɗin adaidaita zuwa da dawowa 700. Ya zama 2,000, ninki huɗu 8,000.

A ganina wannan ƙa'ida ba ta aiki daidai a kan kowane kaya a kasuwarmu. Kati tsura, wanda ba firam, mai saye ya san kuɗinsa, wataƙila ma wurin wankin yana layinsu. Ka ce masa 8,000 zai ga kamar ka yanke shi, ya fara zargin sauran farashinka. A nan ninki biyu zuwa uku ya wadatar, muddin kuɗin gyaran hoton ya riga ya fita a kuɗin ɗauka. Inda ninki uku zuwa huɗu ke zama daram shi ne firam da albam, domin akwai zaɓen katako, da jera shafuka, da sa ido kan launi, da kuma kasada. Gilashi yakan fashe a hanya. Wurin wanki yakan fito da farar shadda ta koma ruwan toka, ko fuskar baƙin mutum ta yi ja, dole a sake, kuma ba mai saye ne zai biya ba. Firam mai inci 16 da 20 da ya ci maka 15,000 gaba ɗaya, in ka sayar 45,000 zuwa 60,000 ba ka yi zalunci ba. In ka sayar 20,000, fashewar gilashi ɗaya ta tafi da ribar firam uku.

Kada kuma ka bi girman takarda kaɗai. Mai inci 16 da 20 ya ninka mai 8 da 10 sau huɗu a girma, amma aikin da ka yi wa hoton ɗaya ne, zuwa wurin wankin ma ɗaya ne. Saboda haka ƙananan katuna su ne ake yawan karyar wa farashi fiye da kima. Gara ka sayar da su a ƙunshe, biyar ko goma a kuɗi ɗaya, da ka tashi yaro ya hau abin hawa saboda kati guda mai inci 4 da 6.

Akwai wani abu ƙarami da ke jawo sake wanki, kuma tun wurin ɗauka ake maganinsa. Yawancin kyamarori suna fitar da hoto mai tsarin 3 da 2, wanda ya yi daidai da kati mai inci 4 da 6, ko 8 da 12, ko 20 da 30. Amma 8 da 10 da 16 da 20, waɗanda aka fi samun firam ɗinsu, sun fi gajarta: kashi ɗaya cikin shida na tsawon hoton zai tafi. In ka cika hoton da mutum tun daga ƙafa har kai, injin wanki zai yanke saman hular Alhaji ko ƙarshen ɗaurin Hajiya. Bar fili sama da ƙasa lokacin ɗauka, kuma kai ka yanke hoton da hannunka kafin ka kai.

Fayil ma kaya ne

Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kati mai 8 da 10 yana bukatar ɗigo 2,400 da 3,000. Hoton da aka tura ta WhatsApp a hanyar da aka saba, manhajar takan matse shi ya koma wajen ɗigo 1,600 a tsawo, ya isa kallo a waya da ƙaramin kati, amma in aka buɗa shi ya cika bango sai ya dushe. Wannan ya ba ka kaya iri biyu: ƙaramin fayil na ɗorawa, wanda ke cikin kuɗin ɗauka, da cikakken fayil na wanki, wanda ake turawa a matsayin takarda (document) a WhatsApp ko a filash. Wasu suna haɗa duka a kuɗin ɗauka su ɗaga shi, wasu suna sayar da cikakken daban. Duka biyun suna tafiya. Abin da ba ya tafiya shi ne ka karya kuɗin ɗauka da fatan za a yi firam a wurinka, sannan ka miƙa cikakken fayil kyauta.

Ɗanyun hotuna, waɗanda ba a gyara ba, ni ban ga dalilin bayar da su ba sai da kuɗi mai kauri. A cikinsu akwai wanda aka rufe ido, da wanda fitila ba ta tashi ba, kuma duk wanda ya gani sunanka zai kira.

Jera farashi

Mutane sun fi son zaɓi a kan lissafi, don haka jera musu tsari uku. Da alƙalumanmu na sama, ƙaramin zai iya zama 20,000, tunda aikinsa bai kai na cikakken zama ba: rabin awa, kaya kala ɗaya, hoto huɗu. Na tsakiya 45,000: awa ɗaya, kaya kala biyu, hoto goma, da firam mai 8 da 10. Babban ya haura 100,000, da ƙarin lokaci da babban firam ko albam. Na tsakiyar shi ne wanda kake so a saya, shi za ka fi ƙawatawa. Ƙarin hoto ɗaya a wajen tsari kuwa, tunda gyaransa minti 20 ne, wato kusan 1,700 a lissafin awarka, sa shi 2,500, yadda wanda ke son ƙarin shida zai ga gara ya hau tsari na gaba.

Tayi ba zai ƙare ba, kasuwa ce. Amma in za ka rage kuɗi, rage kaya tare da shi. "Hajiya, 45 ɗin ba za ta ragu ba, sai dai in cire firam ɗin ya dawo 30, in kin shirya daga baya sai a yi miki." Ta sami ragi, kai ba ka taɓa ƙasan farashinka ba. 'Yan uwa da abokai su ne jarrabawa mafi wuya. Wanda ka yi niyyar yi wa alheri, rubuta masa cikakken kuɗin a rasiɗi, ka rubuta ragin a ƙasa, ya san girman abin da aka yi masa. In ba haka ba, kuɗin da ka karɓa a hannunsa shi zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi, gobe su zo maka da shi a matsayin farashi.

Hoton wa, izinin wa

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin hoto ga wanda ya ɗauka in ba a yi wata yarjejeniya ba. Amma wanda ya sa aka ɗauke shi don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar yin amfani da hoton a abin da ba kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a yaɗa shi ga jama'a. Abu biyu ke nan ga mai hoto. Na farko, kada ka ɗora hoton matar mutane a Instagram don talla sai ka tambaya, kuma a sami amsar a rubuce ko da a saƙon waya ne. Akwai masu cajin ƙarin kuɗi ga wanda ya ce kada a ɗora nasa. Ban goyi bayan wannan ba: sirrin mutum nasa ne, ba a sayar masa da shi. In kana son hotunan talla, yi ragi ga wanda ya yarda.

Na biyu, hoton da za a nemi kuɗi ko ƙuri'a da shi farashinsa daban ne da na rataye a falo. Mai sayar da atamfa da za ta yi tallar kaya, mawaƙin da zai sa a bangon waƙarsa, ɗan takarar da fuskarsa za ta hau allunan titi da fastoci dubbai, duk ka tambaye su tun farko ina hoton zai je, na tsawon wane lokaci, ka yanka kuɗin da ya dace da hakan. Na ɗan takara kuwa a biya duka kafin a kunna fitila, domin bayan zaɓe wanda ya ci ba ya samuwa, wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya.

Farashi yana tsufa

Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Takardar wanki da tawada da batir da gilashin kyamara duk daga waje ake shigo da su. Wanda ya karɓi kuɗin albam a tsohon farashi ya zo bugawa bayan hakan ya san yadda abin yake. Don haka duk farashin da ka bayar sa masa wa'adi, kwana 14 ko 30, ka kuma sake zama da biro da takardar nan duk bayan wata uku. In biki yana da nisa, kafin alƙalami ya kulle kuɗin ɗauka kawai, na firam da albam a bar shi sai lokacin bugawa. Kuma kada ka buga firam sai an biya kuɗinsa cif, domin firam mai ɗauke da fuskar wani ba ya sayuwa ga kowa in mai shi bai dawo ba.